Ƙafafun Kunkurun Baba

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau motar Baba ta taka kwalta, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya. Volkswagen ce ƙirar 1978, irin wadda mutanenmu ke kira Boswaja ko kunkuru, cikin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Legas da aka buɗe a 1975, shekarar da Peugeot ma ta fara fitar da nata a Kaduna. Wata biyar na yi ina fama da inji da wayoyi a ƙarƙashin rumfar gidanmu a unguwar Rikkos da ke Jos, ban rubuta ko layi ɗaya ba, ga shi yanzu rabin abin da na yi ya ɓace mini. Wannan karon da biro zan yi aikin.

Mun fita da hantsi ni da babban ɗana, muka hau titin Bauchi muka nufi Farin Gada. Inji sai sambarka, yana ta wannan ƙarar tasa da ko cikin barci na ji zan gane. Amma allura na kaiwa 50 sai sitiyari ya soma rawa a hannuna, kuma duk kwanar da na sha sai in ji ƙwas-ƙwas daga baya ta hagu. Na gangara gefe, na ɓalle kwanon taya. Daga bakin kowane noti wani jan gari ya yi zane ya nufi waje, kamar an barbaɗa jar ƙasa. Na ɗora sifana, biyu cikin huɗun suka juya ba gardama, sai ka ce murfin kwalba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ranar Talatar nan a kan idona mai faci ya ɗaure su. Ba ɗaurin wasa ba. Ya zura bututu a kan sifana, ya hau da ƙafa biyu, ya yi ta sukuwa har motar na girgiza, ya sauko yana haki ya ce, "Alhaji, ko Legas za ka, ba abin da zai taɓa su." Ko kilomita goma ba mu yi ba.

Yaron ya leƙo ya ce, "Abba, ashe dai da gaske ne noti na kwancewa." Na ce ya rufa mini baki, mai kwantaccen noti shi ne wanda ya ɗauko ɗansa a motar da bai duba ƙafafunta ba. Muka ɗaure, muka lallaɓa gida a giya ta biyu.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na ɗora motar a kan kututture huɗu, na cire ƙafafun duka. Ga wanda bai san kunkuru ba, ita ba ta da ƙarafan nan masu tsini da ke tsaye a jikin hob, waɗanda ake rataya wili a kansu sannan a bi da noti, irin na Toyota. Nata notin mai jela ne. Shi ke ratsa wili ya shige cikin gangar birki, haƙoran da yake bi kuwa a jikin gangar suke. Huɗu a kowace ƙafa, sha shida ke nan.

Na zube su a tsohon farantin Hajiya, na wanke da kananzir, sai ga ƙabila uku. Tara masu kai na sifana 19, wuyansu zagaye kamar gindin ludayi. Biyar wuyansu a fiƙe, ya tafi a karkace kamar bakin mazurari. Sai wasu biyu masu zagayen wuya, amma kansu na 17 ne kuma jelarsu ta fi sauran tsawo. Allah kaɗai ya san hannu nawa suka bi ta kan motar nan a shekarun Baba na ƙarshe, kowa ya yar da ɗaya sai ya lalubo abin da ya shiga ya cusa.

Biyun da suka kwance jiya duk masu bakin mazurari ne. A ƙafar baya ta hagu uku ne irinsu.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na je Gangare na ɗauko Kawu. Ba ƙanin Hajiya ba ne, abokin Baba ne, bakaniken Boswaja tun ana tuƙi a hannun hagu, kafin canjin 1972. Ya daɗe da ajiye sifana, idon ma ya yi rauni, da yatsa yake gani yanzu. Na miƙa masa farantin, ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana shafa wuyan da babban yatsa yana warewa.

"Wannan ɗan gida ne. Wannan ma. Wannan baƙo ne, wa ya kawo shi? Wannan ɗan'uwa ne, amma na nesa."

Na ce, "Kawu, ai duk sun shiga, kuma duk sun ɗauru."

Ya ce, "Ɗana, shiga daban, zama daban. Aiko mini da bula."

Na ɗauka wasa yake. Aka karɓo bular wanki wajen uwargida, ya kwaɓa kaɗan da ɗigon baƙin mai, ya shafa a wuyan noti ɗan gida, ya saka shi a ramin wili ya danna ya murza sau biyu, ya zare. Ya ce in duba in gaya masa. Shuɗi ya kama ramin zagaye guda, faffaɗa, ya kai faɗin ƙwayar shinkafa a kwance. Ya goge, ya maimaita da mai bakin mazurari. Wannan karon ɗan siririn layi ne kawai, kamar an ja zare, wani wajen ma ya yanke.

"To ka gani. Ramin nan ƙoƙo ne, ba mazurari ba. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe."

Tun daga nan na kama bakin zaren, sauran kuma da daddare na zauna na warware wa kaina. Idan ka ɗaure noti, miƙa shi kake yi. Ƙarfen yana ɗan miƙewa kamar roba, kuma ƙoƙarin da yake yi na komawa yadda yake shi ne ke matse wili a jikin ganga. Sai dai notin taya gajere ne, miƙewar tasa duka-duka ba ta kai kaurin gashin kai ba. Idan wuyansa ya zauna a faffaɗan wuri, nauyin ya rarrabu, ƙarfen wili ya ɗauka ba tare da ya lotsa ba. Idan kuwa a kan zare ɗaya ya tsaya, duk ƙarfin nan a kan zaren yake sauka. Rami ɗaya, biyu a titi, wurin ya ɗan nutse. Nutsewar da ido ba zai gani ba ta isa ta cinye miƙewar nan gaba ɗaya. Noti yana nan inda aka bar shi, ko juyawa bai yi ba tukuna, amma ɗaurin ya tafi. Daga nan wili ya fara motsi, ƙarfe na cin ƙarfe, garin da ke zuba ya yi tsatsa nan da nan. Jan garin da na gani ke nan. Juyawar noti ita ce ta ƙarshe a layi, ba ta farko ba. Shi ya sa tsallen mai faci bai tsinana komai ba, sai ma ƙara nutsar da wurin da ya yi.

Kawu ya ƙara mini da wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba. Na ɗauka nauyin mota a kan jelar notin yake rataye. Ya ɗauki farantin ya matse shi tsakanin tafukansa biyu a tsaye, ya ce in ja ƙasa. Na ja, bai motsa ba. "Me ya riƙe shi? Akwai ƙusa?" Ya ɗan sassauta, faranti ya sulluɓe ya faɗi, Hajiya ta yi magana daga ɗaki. Matsewar fuska da fuska ce ke ɗauke da motar. Aikin noti shi ne ya samar da matsewar, ranar da nauyi ya koma kan jelarsa kuwa, an riga an shiga uku.

Na uku, ya sa na ɗora wilin a kan ganga ba noti, ya ce in girgiza. Ramin tsakiya bai kama komai ba, akwai rata. Motocin yanzu suna da ɗan leɓe a jikin hob wanda ramin tsakiyar ke hawa daidai, shi ke tsayar da wili a cibiya. A nan ƙoƙunan nan huɗu ne ke wannan aikin. Ya ce in na ga tsofaffin kunkuru, na kafin ƙirar 1968, masu noti biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 205, ramin tsakiyarsu kan yaro zai shige. Namu huɗu ne a kan da'irar 130, amma hikimar ɗaya ce. Wuyan da bai zauna ba, wilin ma ba zai tsaya a cibiya ba. Ga rawar sitiyari ta fito.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Bayan an tashi aiki na shiga kasuwar kayan mota ta Dilimi da noti ɗan gida ɗaya a aljihu da ƙullin bula. Shago na farko yaron ko kallon wuyan bai yi ba, ya gwada haƙora da haƙora ya ce, "Oga, iri ɗaya ne, zai shiga." Kalmar nan na ji ta ya fi sau goma yau. Kuma ba ƙarya suke ba, zai shiga: kaurin jela milimita 14, tazarar haƙori ɗaya da rabi, motoci da yawa suna da wannan awon.

Wanda aka fi tura mini shi ne na Golf ɗin baya-bayan nan, wato ɗan'uwa na nesa da Kawu ya faɗa. Gida ɗaya suka fito, wuyansa ma zagaye ne, amma ƙoƙonsa ya ɗan fi ƙanƙanta, 13 ne inda namu yake 14. Jelarsa kuma 27, namu da na auna bai wuce 20 ba. Bambancin wuyan ido ba ya kama shi, bula ce ke tona shi. Na jelar kuwa yana da nasa sharrin, don bayan ramin nan takalman birki ne da sifirin ɗinsu.

Har na haƙura, wani ya nuna mini wani dattijo can ciki, bayan masu gilasai. Na ce, "Baba, notin tayar Boswaja nake nema, na asali." Bai ce komai ba, ya jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci ya juye a kan buhu. Na tsuguna na tsince sha ɗaya, na mayar da biyu da haƙoransu suka kwanta. Ya ga ina shafa bula ya yi dariya ya ce rabonsa da ganin mai yin haka tun yana yaron shago. Tara na biya. Bakwai za su cike gurbi, biyu su zauna a akwatin gaba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Yau ranar wili ce, kuma ba ta yi daɗi ba.

Na kife su biyar ɗin har da na safaya, na kankare bayansu da burushin ƙarfe. Sai yau na lura cewa bayan wilin ƙarfe ba shafaffe ba ne. An buga shi da tudu da kwari da gangan. Akwai wuraren da aka yi su don su taɓa ganga, shi kuwa ƙoƙon da noti ke zama a ciki an ɗaga shi sama kaɗan, ba ya taɓawa. Na gitta rula ta ƙarfe a bayan mai lafiya, na haska da fitilar waya: ƙarƙashin kowane ƙoƙo haske na wucewa, har katin waya na zura ya shige. Wannan ratar ita ce dabarar. Idan noti ya danno, farantin wilin yana ɗan lanƙwasawa ya riƙa turo shi baya, wato wilin kansa ya zama sifirin. Abin da gajeren noti ya rasa na miƙewa, wili ya ranta masa. Na jima ina kallon abin nan. Ƙarfe ne da aka buga a inji, ba ado ba ƙyalli, an yi irinsa miliyoyi tunda motar kanta sai da aka ƙera sama da miliyan 21 kafin a rufe a Meziko a 2003, amma wani ya zauna ya yi tunanin ratar da katin waya zai shige.

Uku sun tsira. Na baya ta hagu ramukansa sun zama ƙwai, ɗaya har da ɗan tsagu ya nufi tsakiya. Na safaya kuwa ramukan zagaye suke, amma na gitta rula ba haske ko kaɗan. An danne ƙoƙunan sun kwanta sun manne. Wannan aikin bututu ne, ba na tsufa ba.

Na yi lissafin a bayan kwalin sabulu. Littafin motar ya ce notin nan kilo 13 yake so a kan sanda mai tsawon mita ɗaya. In mutum mai kilo 65 ne, tsayawa kawai zai yi a kan sifana, tazarar santimita 20 daga noti, ba tsalle, shi ke nan ya kai. Mai facina ya yi kilo 70, bututunsa ya kai mita, kuma a ƙarshensa ya tsaya. Ya ninka abin da ake so sau biyar tun kafin ya fara sukuwa. Ban ga laifinsa sosai ba. A wajensa abin kunya shi ne a ce tayar da ya ɗaura ta fita, kuma ba wanda ya taɓa dawowa ya ce masa ya ɗaure da yawa. Mu ma masu motar in ba mu ji noti ya yi ƙara ba hankalinmu ba ya kwanciya.

Wani mai walda a layinmu ya ce in kawo ya cike ramukan ya sake huda su, ba wanda zai gane. Na yi masa godiya. Rami zai iya hudawa, ƙoƙo da ratar bayansa ne ba zai iya mayarwa ba, ga zafin wuta da zai canza ƙarfen. Na farfasa bakin duka biyun da guduma don kada wani ya tsince su a bola ya kai kasuwa.

Asabar, 7 ga Disamba

Ba aiki, muna Bauchi wajen biki. Amma a can wani ya ba ni labarin wata matacciyar kunkuru a wani gida a Bukuru, kaji na ƙwai a kujerar baya.

Asabar, 14 ga Disamba

Labarin Bukuru gaskiya ne, har da kajin. Cikin wili huɗu ɗaya ne ya ci jarrabawar rula da bula, na saye shi ranar Litinin. Na kai huɗun wajen mai fenti, na ce ruwan azurfa, na tafi. Laifina ne, ban ce masa komai game da baya ba. Yau na je ɗauka na tarar ya yi aiki tsakani da Allah: ya shafe gaba da baya, ya yi hawa uku, ƙoƙunan sun cika da fenti sun yi sumul. Yana ta murna yana cewa, "Yallaɓai, ko ruwan Agusta ba zai taɓa shi ba."

Fenti mai kauri tsakanin wili da ganga daidai yake da shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tubali. Yau zai ɗauru. Gobe birki ya yi zafi, fentin ya yi laushi ya matse ya fita, gashin nan guda na miƙewa ya tafi da shi. Na biya shi cikakke, na dawo gida na zauna da samfefa. Ƙoƙo sha shida, da duk inda ke taɓa ganga, sai da na ga farin ƙarfe. Sanyin bana ya sauko da wuri, yatsuna suka tsattsage, kananzir na shiga yana yi mini zugi. Uwargida ta wuce ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya biya a shafa, ya dawo yana gogewa ba.

Lahadi, 22 ga Disamba

Na kankare fuskar gangunan huɗu, na bi kowane rami da noti da hannu kawai. Sha huɗu suka shige sumul har ƙarshe. A gangar baya ta hagu, biyu suna lilo a ciki, ɗaya ma na zaro shi da garin haƙora a jikinsa. Gangar ƙarfen zubi ce, ba ta da juriyar noti, in aka yi gardama ita ke faɗuwa. Wannan ita ce illar tsarin kunkuru: a wata motar ƙarfe ɗaya za ka buge ka sa sabo, a nan ganga guda za ka nema.

Cire ta ya ci rabin yini. Gangar baya a kan haƙoran aksul take zaune, ƙaton noti na sifana 36 ke riƙe da ita, da fin da aka ratsa aka tanƙwara. A nan kam bututu yana da hurumi, don shi kilo 30 yake so a kan mita, ko fiye. Kuma in an zo mayarwa ramin fin bai daidaita ba, gaba ake ƙarawa, ba a dawowa baya. Kawu ya ce sakacin wannan notin ma yana kawo irin ƙwas-ƙwas ɗin da na ji, ya ci haƙoran ganga a banza.

Da na buɗe ta dama don in duba takalma, sai ga shaidar ɗan'uwa na nesa: wani sifirin ya yi ƙyalli a gefe ɗaya, jelar dogon notin na shafarsa duk juyi, ta ci kusan rabinsa. Wannan bai yi ƙara ba, bai girgiza komai ba. Da sai ranar da ya tsinke.

Ganga daga kunkurun kaji za ta fito. Mai gidan ya gane ina so, kuɗin ya tashi.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Ƙanena ya zo daga Abuja da sifana mai awo, irin wadda ake saita ta a lamba, in an kai sai ta yi ƙas. Na saita ta a 127, wato kilo 13 ɗin nan a ma'aunin niyuton-mita. Na ɗauko Kawu don a yi a gabansa.

Rataya wili a kunkuru sai da dabara tunda ba abin da zai riƙe shi. Ni ina ta kokawa da gwiwa, Kawu ya ce in matsa. Ya zauna a ƙasa, ya sa yatsun ƙafarsa biyu a ƙarƙashin taya, ya ɗaga ta da su kamar mai rarrashin jariri, hannuwansa biyu suna sake, ya laluba rami ya sa na sama. Mutumin da sai an riƙe masa hannu ya tsallake kwata.

Ga yadda muka yi kowace ƙafa. Tana sama, aka sa huɗun da yatsu, ba sifana, har wuyansu ya fara taɓa ƙoƙo. Sai a riƙa juya tayar ana ɗan girgiza ta, ana ƙara kowanne kaɗan-kaɗan, na sama sai na ƙasa, na hagu sai na dama. Kana ji a hannunka lokacin da wilin ke jan kansa yana hawa cibiya. In ka ɗaure ɗaya tamau tun farko, ka kafe wilin a inda ya ga dama, sauran ukun sai su zauna a gefen ƙoƙonsu. Bayan sun kama duka muka sauke jak har taya ta taɓa ƙasa, sannan sifana mai awo, a gicciye, zagaye biyu. Abin mamakin shi ne rashin wahalarsa. Hannu ɗaya, ja a hankali, ƙas. Ɗana ya ce, "Shi ke nan?" Shi ke nan.

Mun ɗan yi sa-in-sa da Kawu a kan mai. Shi tun yana yaro ɗigon baƙin mai yake sa wa haƙoran noti saboda daminar Jos, kada su ci tsatsa su ƙi fita. Na ce, "Kawu, a gafarce ni, wannan lambar ta busasshen noti ce." Wajen kashi tara cikin goma na ƙarfin da mutum ke sa wa sifana a gogayya yake ƙarewa, ta wuya da ta haƙora, ɗayan ne kawai ke miƙa noti. A bushe, lissafina ya ba ni matsewar tan huɗu da ɗoriya a kan kowane noti, a motar da duk nauyinta bai kai tan ɗaya ba. In ka sa mai ka rage gogayyar, sifana za ta yi ƙas a lamba ɗaya, amma abin da ya sauka a kan ƙoƙo da haƙoran ganga ya wuce haka nesa. Bututu ne ta bayan gida. Ya ce shi hannunsa ya san bambancin, yana ragewa. Na yarda da hannunsa, nawa ne ban yarda da shi ba. Ya ce, "Motar ubanka ce, yi yadda ka gani." A bushe muka ɗaura.

Na ɗiga farin fenti a kan kowane noti, layin ya sauka har jikin wili, don in wani ya motsa in gani ba sai na ɗauko sifana ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Gwaji. Kafin mu fita na duba iska, na tarar mai faci ya ɗura 40 a kowace ƙafa kamar ta Hiace. Kunkuru injinta a baya yake, gabanta ba nauyi, 18 take so a gaba, 27 a baya. Na sace iskar, motar ta daina tsalle kamar akuya.

Muka bi ta Bukuru har Mararrabar Jama'a muka juyo, kilomita hamsin da wani abu. Ba ƙwas-ƙwas. A 50 sitiyari shiru, a 60 shiru. Na bar ta ta huce a gida sannan na bi sha shidan da sifana mai awo. Sha huɗu suka yi ƙas nan take. Biyu, duk a kan wilin Bukuru, suka ɗan ƙara tafiya kaɗan kafin su yi. Ban tsorata ba, sabon zama ne, ƙoƙo da wuya suna sabawa da juna, shi ya sa ake cewa a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100. Na goge alamarsu na sake ɗigawa. Ba jan gari ko ɗaya.

Hajiya ta fito ta zagaya motar, ta dafa murfin baya da ɗuminsa, ba ta ce komai ba ta koma ciki.

Asabar, 25 ga Janairu

Kilomita 210 tun ɗaurin 4 ga wata. Fararen layukan suna nan a miƙe, sifana ta yi ƙas sau sha shida ba wanda ya motsa.

Saura wata 'yar rawa da ke zuwa wajen 80, ba ta da ƙarfi amma tana nan. Na ɗaga gaba, na kafa alli a kan bulo dab da leɓen wili, na juya taya a hankali. Na dama ya shafi allin kusan ko'ina daidai. Na hagu, wato na Bukuru, ya taɓa a gefe ɗaya ya bar rata a ɗayan, na auna ta kusa milimita 2, littafi kuwa ɗaya da rabi ya yarda da shi. Na kwance, na juya wilin rabin zagaye a kan ganga, na sake ɗaurawa, na sake gwadawa. Tudun ya bi wilin, bai tsaya a wurin ganga ba. Ke nan zaman lafiya lau ne, leɓen ne ya taɓa cin dutse. Na mayar da shi baya, na kawo na baya gaba, rawar ta ragu sosai.

Da na kama tayar gaba ta hagu sama da ƙasa na girgiza, na ji ɗan motsi a boris. Wannan aikin mako mai zuwa ne. Na rubuta a bangon rumfa da alli don kada in manta: notin boris na hagu haƙoransa a juye suke, ta hannun ɗauri ake kwance shi, kuma wayar allurar gudu ta cikinsa ta ratsa, sai an cire ɗan makullinta kafin a buge murfi.

Har yanzu ba safaya. Ƙanena yana ta waya in kawo masa motar Abuja kafin azumi, na ce ba zan gangara Hawan Kibo da wili huɗu ba, ɗaya ma mai karkataccen leɓe. Dattijon Dilimi ya aiko cewa an kawo masa biyu daga Kafanchan. Ranar Laraba zan je, rula da ƙullin bula suna cikin jaka.